Gwiwar Yayana

Har yau idan aka karya rake a kusa da ni sai na waiga da sauri. Irin ƙarar da gwiwar yayana ta yi ke nan ranar da ta fara lalacewa, a fagen kokawa na Tsarnawa, bayan an gama ɗaure gero. Ina da shekara goma sha takwas lokacin, ina zaune a sahun gaba, kuma duk ihun mutane da kiɗan ganga bai hana ni jin ƙarar ba.

Yayana ya girme ni da shekara bakwai. Shi aka bari a gona, ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, ba don na fi shi kai ba, sai don babanmu ya duba ya ga wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. Ni siriri ne, mai baki, mai saurin hawa. Shi kuwa ƙato ne mai sanyin hali, yaro ma yana iya ƙwace masa fura a hannu ya yi dariya. Amma da ya ɗaura walki ya shiga fage, sai ka rantse an canja shi. Kaka huɗu a jere babu wanda ya kai shi ƙasa daga Konni zuwa Malbaza har Illela. Yana kirana "ɗan lakwal", ina kiransa Yaya, kuma ko a makarantar kwana ta Tawa, idan aka taɓa ni, da sunansa nake tsorata mutane.

Abokin karawarsa a ranar wani gajere ne daga Dogarawa, mai kaurin wuya. Sun daɗe a sarƙe, kowa na neman ƙugun ɗan'uwansa. Yaya ya kafa ƙafar dama a cikin yashi har ta nutse, gajeren ya harɗe ta ya faɗa mata da dukan nauyinsa. Jikin Yaya ya juya, ƙafar ba ta juya ba. Ya faɗi rub da ciki, ya cika bakinsa da yashi don kada a ji kukansa. Mutanen Dogarawa suka ɗaga nasu sama. Ni ban san lokacin da na tsallaka cikin fagen ba. Na kai wa gajeren naushi a haƙarƙari, bai ma ji ba, wani daga cikin mutanensa ya kwaɗa mini mari ɗaya da ya zaunar da ni kusa da Yaya. Haka aka kwashe mu mu biyu, shi a kan amalanken jaki, ni ina bin baya da kunne yana kuka.

Washegari aka kai shi wurin wani tsohon maɗori a wani ƙauye ta hanyar Illela. Ba zan ci zalin tsohon ba. Ɗori gadonsu ne, kuma shi ya ɗora mini hannu lokacin da jaki ya yar da ni ina ƙarami, ga hannun nan ina rubutu da shi. Sai dai shi karaya ya sani, Yaya kuwa babu ƙashin da ya karye a jikinsa. Tsohon ya shafa gwiwar da ta kumbura ta yi kamar tulu, ya ce gocewa ce. Ya sa ƙarti huɗu suka danne Yaya a kan tabarma, ya yi tofi, ya kama diddige ya finciko da iya ƙarfinsa. Yaya ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ya watsar da biyu daga cikin masu danne shi, ɗaya ya bugi bango hancinsa ya fashe. Aka ƙaro mutum biyu, aka sake. Sau uku aka ja ƙafar nan. Bayan haka tsohon ya jera karan dawa daga cinya har idon sawu, ya ɗaure da tsumma tamau.

Da za mu tafi ya ɗaga yatsa ya ce wa babanmu, "Kwana arba'in kak a kwance. In anka kwance, kak wani hannu shi taɓa ta bayan nawa. Wanda yat taɓa, shi ya ɓata ɗorin, babu ruwana."

Babanmu ya ce ya ji. Na koma makaranta da wannan ƙarar a kunnena.

A lise, wato makarantarmu ta sakandare, muna da wani mushe, malamin wasanni ke nan, ɗan guntu mai usur a wuya, wanda muke yi wa dariya saboda gajeren wandonsa. Wata rana wani ɗan ajinmu ya murɗe gwiwa a wurin ƙwallo. Na zuba ido in ga an kira ƙarti. Sai na ga mushen ya durƙusa, ya riƙe ƙafar a hankali, yana tambayar yaron inda ke ciwo. Bayan ƴan kwanaki na gan shi ya zaunar da yaron a bakin tebur, ya ɗaura masa jakar yashi a idon sawu, yana sa shi ɗagawa da saukewa yana ƙirga masa. Wata biyu ba su cika ba yaron ya dawo fili yana gudu.

Na same shi bayan an tashi na ba shi labarin Yaya. Ya tambaye ni ko an ji ƙara, ko gwiwar ta kumbura nan take, ko kwana nawa aka ɗaure. Da na ce arba'in, sai ya cire usur ɗin daga wuyansa ya zauna. Ya ce ɗaurin da ya daɗe haka yana cinye naman cinya, ya busar da gaɓa, kuma idan ba a koya wa ƙafar lanƙwasawa daga farko ba, haka za ta sandare. Ya ara mini wani littafin Faransanci mai hotunan mutane babu fata, kowace tsoka da sunanta. Ya ce wannan karatu ne mai zaman kansa, ana ce masa kine, ana yinsa a jami'a bayan bak, jarrabawar gama lise, aikinsa shi ne mayar da wanda ya ji rauni kan ƙafafunsa, musamman ɗan wasa. Ya ce masu yinsa a ƙasarmu ba su da yawa.

A ranar na san abin da nake so in zama. Na tuna duk ƴan kokawar da na sani a yankinmu waɗanda suka ƙare suna ɗingishi a bakin kasuwa, da wanda kafaɗarsa ta zauna a karkace, da wanda ba ya iya juya wuya sai ya juyo gaba ɗaya. Na ce ni ne zan tsaya a bakin fage in karɓe su. Babanmu kuwa tun ina ƙaramin aji ya gama yanke mini aiki. Duk wanda ya tashi kusa da Konni ya ga gidajen ma'aikatan duwan, wato kwastan, da baburansu, kuma babanmu bai ga dalilin da zai sa ya yi hasarar ɗa ɗaya a lakwal ba idan ba don ya zama ɗan duwan ba.

Da babban hutu ya zo na iso gida da ruwan farko. Na tarar da Yaya a zaure, ya jingina da bango, ƙafar dama a miƙe. An kwance ta tun da daɗewa, amma cinyar ta tsotse har ta kusa zama kamar tawa, gwiwar kuma ko kaɗan ba ta motsi. Da sanda yake tafiya yana jan ta. A zaune yake salla, ƙafar a gaba. Kuma sanyin halin nan ya tafi. A gabana akuya ta sa baki a kwanonsa ya maka mata sandar har ta kwanta tana shure-shure. Innarmu ta ce mini a hankali kada in yi masa maganar kokawa, ko ganga aka buga a nesa sai ya yini bai ci abinci ba.

Na jira babanmu ya tafi gona da safe, na ja Yaya bayan rumbu. Na kifa turmi na zaunar da shi, na gasa gwiwar da tsumma da ruwan zafi, na shafe ta da man kaɗe kamar yadda mushe ya nuna mini. Yana kallona yana murmushin raini.

"Ɗan lakwal, mi za ka yi wanda tsoho bai yi ba?"

Na durƙusa gabansa. Na riƙe cinyar da hannu ɗaya, na tura diddigen baya da ɗayan. Na yi gaggawa, wannan laifina ne. Littafin ya ce a hankali, ni kuwa ina so in ga aiki a rana ɗaya. Abin da na sani kawai shi ne na ga wuta, na tsinci kaina a ƙasa da gishirin jini a baki. Naushi ɗaya ya yi mini, ya ɓalle mini rabin haƙorin gaba. Har yau ban gyara shi ba.

Na tashi na tofar da jinin, na zabga masa mari. Ni, na mari Yaya. Na ce, "Kai ragon banza! Gajere ya kada ka ba ka rama ba, sai ni za ka buga? Zamna nan ka ruɓe, ka riƙa dukan awaki hak ka mutu!"

Ya cafko ni ta wuyan riga, muka zube tare da turmin, ya shaƙe ni da hannu ɗaya har idona ya fara rufewa. Innarmu ce ta zo da muciya ta bi mu da ita ba ta zaɓe, ni a baya, shi a kafaɗa, tana cewa za mu kashe ta tun kwananta bai ƙare ba. Muka rabu muna haki. Yinin ranar ba mu yi wa juna magana ba.

Kashegari da babanmu ya fita, na ji an ƙwanƙwasa sanda a ƙofar ɗakina. Yaya ne. Bai dube ni ba ya ce, "Ruwan na bisa wuta. Taho, amma in kak ƙara yi min irin na jiya, sauran haƙoran za ni hiddawa."

Haka muka fara. Innarmu ta yanke ƙafar wani tsohon wandon babanmu, ta cika ta da yashi, ta ɗinke bakin biyu, ta sa mata igiya. Kullum da safe gashi, sai turawa kaɗan kaɗan, sai ɗaga jakar yashi. Yana cizon gefen rigarsa, gumi na zuba, wani lokaci ya zage ni har kakanninmu, ya manta kakanni ɗaya gare mu. Na riƙa zana alama a jikin turmin da gawayi, inda diddigensa ya kai yau, inda ya kai jiya. Akwai makon da alamar ba ta matsa ba ko da faɗin yatsa, na shiga bayan gida na yi kuka don haushi.

Babanmu ya kama mu ranar da hadari ya koro shi daga gona da wuri. Ya tsaya ya ga hannuna a kan gwiwar da tsoho ya ce kada a taɓa. Ya je bakin rijiya ya kwanto igiyar guga, ya ninka ta biyu. A jiƙe take. Bulalar farko ta raba mini riga da fata tare.

"Kai wa na da za ka aza hannu bisa ɗorin tsoho? Ashe gaskiya na da anka ce min ba ka son duwan? Shekara goma sha ukku ina noma babu kai, don ka ƙare kana matsa ƙahwahun ƙatti?"

Ni kuma da bakina da ba ya mutuwa, ina birgima ina cewa tsohonku ne ya kashe ƙafar. Wannan ya ƙara masa wuta. Ya bi ni har jikin rumbu, ya yi ta zuba mini ban san iyaka ba. Sai na ji igiyar ta tsaya. Na ɗaga kai na ga Yaya ya riƙe ta, yana tsaye babu sanda.

"Baba, ni nis sa shi. Diba."

Ya saki igiyar, ya dafa rumbun, ya ɗaga ƙafar ya lanƙwasa ta a gaban babanmu, rabi, tana rawa. Babanmu ya daɗe yana kallon gwiwar. Ya tattara igiyarsa ya mayar bakin rijiya. Bai ce mu ci gaba ba, bai ce mu bari ba, amma daga ranar ya daina dawowa gida kafin azahar ko da ruwa ake yi.

Kafin gero ya nuna Yaya ya yar da sanda. Wata la'asar muna sahu a masallacin unguwa, liman ya yi kabbara, na tafi sujada, sai na ji kafaɗar Yaya ta sauko tare da tawa. Ya kai goshi ƙasa a kan gwiwa biyu. Ban san abin da na karanta a sallar nan ba, hawaye kawai nake yi a kan tabarma. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, kuma ban ƙara ji ba.

Da na koma makaranta na ba mushe labari ina ta fankama. Ya yaba mini, sannan ya sa na sake gaya masa yadda gwiwar take yi idan Yaya ya juya da sauri. Na ce wani lokaci takan ɗan zame, amma ba ta ciwo. Fuskarsa ta canja. Ya buɗe littafin ya nuna mini wata jijiya a can cikin gaɓar, ya ce ita ce ta tsinke tun ranar farko, ƙarar da na ji ke nan, kuma ba ta haɗuwa da kanta. Naman da muka gina zai riƙe shi ya yi tafiya, ya yi noma, ya yi salla har tsufansa. Kokawa kuwa ta ƙare, sai dai da irin aikin tiyatar da ba a yi a kusa da mu. Ya riƙe hannuna ya ce in gaya masa da bakina, in gaya masa duka, wannan ma cikin aikin yake.

Na dawo gida a ƙaramin hutu, lokacin da aka gama kaka, gangunan kokawa suka fara tashi a garuruwa. Na tarar da Yaya ya murmure, yana ɗaukar dami biyu a kai, yara sun koma ƙwace masa fura. Ya tambaye ni abin da mushe ya ce. Na buɗe baki, na ga yadda yake kallona, sai na ce, "Ya ce ka huta bana, sai baɗi." Rabin maganar na faɗa. Na ce wa raina zan ƙarasa wata rana.

A wajenmu akwai yadda ɗan kokawa yake barin kokawa. Yakan aika wa makaɗinsa goro kafin ranar wasa, a ce wane ya rataye walki. Sannan ya zo fage da babbar riga da hula ya zauna cikin dattawa, makaɗi ya gaishe shi da baki ya wuce. Wanda bai aika goro ba, ya shigo fage da ƙafafunsa, to wasa ya zo, kuma makaɗi zai buga takensa. Ɗan kokawa kuwa ba a buga takensa yana zaune. Yaron goye ma ya san wannan a Tsarnawa.

Ni na matsa wa Yaya mu je kallo. Shi ya so ya zauna a gida. Ina so mutanen da suka ga an ɗauke shi a amalanke su gan shi yana tafiya, ina so a tambayi wanda ya yi aikin a gaban babanmu, don takardar zaɓen karatu tana jirana a ƙarshen shekara kuma sai da hannunsa. Muna fita innarmu ta tare ni a zaure.

"Kun aika ma makaɗi goro?"

Na ce, "Inna, kallo ɗai za mu yi. Wanga duk al'adar banza ta."

Ba al'adar nake raina ba. Aika goro yana nufin in gaya wa Yaya ya gama, ni kuwa na ce masa baɗi.

Abin da nake so na samu. Muna shiga mutane suka taso, ana ta shafa gwiwar, ana sa shi ya durƙusa ya tashi. Yaya ya dafa kaina yana cewa ɗan lakwal ne, da turmi da jakar yashi. Na hango babanmu cikin dattawa, ana yi masa magana ana nuno ni, yana sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Kaina ya yi girma har na manta inda nake. Gajeren Dogarawa yana can ɗaya gefen, ya riga ya kada mutum biyu, yana zagaya fage yana neman na uku.

Sai gangar ta canja murya.

Taken Yaya ake bugawa. Na dube shi, idonsa ya bar kaina, leɓensa na motsi yana bin kirarin da ake yi masa tun yana saurayi. Na ruga wurin makaɗin, wani dattijo da ya san mu tun haihuwa. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah ka bari. Ba shi da lahiya."

Bai daina bugawa ba ya ce, "Ban ga goro ba, yaro. Ƙahwa biyu nig gani."

Na kama sandar kiɗan, ya fizge. Na sake kamawa, yaransa suka ture ni. Raina ya ɓaci, idona ya rufe. Na ɗauki wani dutse da aka tokare rumfa da shi, na ɗaga da hannu biyu na sauke a kan fatar gangar. Ta fashe, dattijon ya faɗi da baya. Ban taɓa ganin an fasa ganga a fage ba, su ma ba su taɓa gani ba. Suka rufe ni da duka, da hannu, da ƙafa, da sandar kiɗa, wani ya rotsa mini kai da ƙotar gatari har jini ya rufe mini ido ɗaya. Ina ƙasa, ta tsakanin ƙafafunsu, na hango Yaya yana cire riga. An riga an kira shi, fasa gangar bai mayar da kiran ba.

A lokacin na faɗi gaskiya. Na yi ta ihu, "Yaya, jijiyar ta tsinke! Ba ta komawa! Yaya, ƙarya niy yi ma!" Babu wanda ya ji, fagen ya ɗauki sowa.

Babu ganga aka yi karawar nan, kuma ba ta daɗe ba. Wata da watanni na jan jiki da sanda sun ƙara wa Yaya ƙarfin hannu. Ya shiga ƙarƙashin gajeren, ya rungumo ƙugunsa, ya ɗaga shi sama gaba ɗaya, ƙafafunsa na harbin iska. Ya juya a kan ƙafar dama don ya maka shi. Ya maka shi ɗin. Bayan gajeren ne ya fara taɓa ƙasa, kowa ya gani, Yaya ne ya yi kaye. Amma gwiwar ta ninke ta gefe, ta inda gwiwa ba ta ninkewa, ya bi gajeren ya faɗi a kansa. Mutanenmu suka rugo don su ɗaga shi sama, suka ga ƙafar, suka tsaya cirko-cirko.

Wannan karon ba a je wurin tsoho ba, motar haya aka ɗauka zuwa asibiti. Likita ya ce ban da jijiyoyin har kan ƙashin ya farfashe, abin da za su iya shi ne su haɗe gaɓar a miƙe don ya samu ya taka. Ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Babanmu ya kai wa makaɗi akuya da ban haƙuri. Ni bai taɓa ni ba, ko harara, kuma da ya ɗauko igiyar guga da na fi samun sauƙi.

Rana ta huɗu da hantsi na sami Yaya shi kaɗai a gado, ƙafar a cikin farin siminti har cinya. Kaina a naɗe, na zauna na gaya masa duk abin da mushe ya ce, ban rage komai ba.

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun kahin hutu."

Ya miƙo hannu ya kama wuyan hannuna. Na rufe ido ina jiran naushi, ina ma so ya yi. Ya matse har na ji ƙasusuwan suna haɗuwa, ya daɗe a haka, sannan ya saki.

"Ko ka hwaɗa min, ɗan lakwal, mai yiwuwa da anka buga taken nan sai na tashi. Amma da na tashi da sanina."

Ya juya fuska bango. Bai ƙara tayar da maganar ba har yau.

A ƙarshen shekara na ci bak. Na kawo wa babanmu takardar zaɓen karatu, na karanta masa abin da na rubuta a layin farko, na fassara masa. Ban yi zaton zai yarda ba. Ya dangwala yatsa a tawada ya ce, "Tahi ka koyo shi duka, tunda ka hwara." Sai dai ba a ba ni gurbin ba. Wuraren kaɗan ne, a ƙasar waje suke, kuma akwai waɗanda suka fi ni maki. Na sake nema shekara biyu a jere, daga baya na haƙura na karanta abin da aka ba ni, na zama malamin makaranta. Littafin mushe yana nan wurina, bai karɓa ba. Idan yaro ya faɗi a filin ƙwallo ni ake kira, kuma har yanzu idan na ji an ce wani ya tafi karatun kine sai in ɗauko littafin in buɗe shi.

Yaya ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, yana noma da ƙafarsa a miƙe yana jan ta a kunya. A masallaci wurinsa ƙarshen sahu ne, jikin bango, don kada ƙafar ta tare wa mutane hanya. Idan na je gida kusa da shi nake tsayawa. Jakar yashin nan da innarmu ta ɗinka tana wurinsa, an sake mata kyalle ban san sau nawa ba, da ita yake tokare diddigensa idan ya zauna. Liman yakan yi kabbara, sahu duka mu tafi ƙasa, kafaɗata ta sauka ita kaɗai, shi yana zaune yana sunkuyar da kai iya inda zai iya.